Ba Kowace Mai Ciki Ce Allurar Baya Ke Yi Wa Daidai Ba

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwanmu marubuci ya buga kwanan baya a kan matan da haihuwa ta gagara har aka kai ga yi musu aiki don a ciro abin da ke cikinsu, kuma na karanta ta a tsanake, domin magana ce wadda rayuka biyu ke rataye da ita a kowane karo, ran uwa da ran ɗa. Abin da ya kafa hujja a kai, in na fahimce shi daidai, shi ne cewa allurar baya, wato wadda ake yi a gadon baya ta kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa alhali mace tana farke, ta fi allurar barci aminci ga kowace mace ba tare da togiya ba. Kuma tun da yake aikinta mai sauƙi ne, ya isa a koya wa duk wani ma'aikacin asibiti cikin 'yan makonni, har ma likitan da zai yi fiɗar ya iya yin ta da kansa sa'an nan ya zagaya ya ɗauki wuƙa. Saboda haka, a ganinsa, tura mata zuwa manyan asibitoci don neman ƙwararren mai ba da maganin barci ɓata lokaci ne wanda ya fi ceton rai kisa. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsa ba ko kaɗan, don duk wanda ya san nisan da ke tsakanin ƙauyukanmu da asibitin koyarwa ya san daga inda wannan magana ta fito. Amma kyakkyawar niyya ba ta gyara hukuncin da aka sake shi babu ƙaidi, kuma ina jin tsoron ma'aikatan ƙananan asibitoci su ɗauki maƙalar tasa ta zama musu fatawa.

Wajibi ne in fara ba shi haƙƙinsa, gama rabin maganarsa gaskiya ce wadda masana suka yi ittifaƙi a kanta. Tun lokacin da aka fara nuna sa mutum barci don tiyata a bainar jama'a a birnin Boston a 1846, har Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta shaƙi kuloroform a haihuwarta ta 1853, likitoci suka yi ta ganin cewa barcin mai ciki ba kamar barcin sauran mutane ba ne. A 1946 wani likita a New York, Curtis Mendelson, ya bi diddigin haihuwa 44,016, ya tarar da mata 66 waɗanda abin da ke cikin tumbinsu ya taso ya faɗa musu cikin huhu suna cikin barcin magani, domin ciki yana danne tumbi, naƙuda kuma tana jinkirta narkewar abinci. Ga kuma maƙogwaron mai ciki da ke kumbura, ta yadda sa bututun numfashi yakan gagara a wajen mace ɗaya cikin ɗari huɗu, iskar da ke ajiye a huhunta kuwa ba ta da yawa, ba ta jure jinkiri. Allurar baya, wadda August Bier ya fara gwadawa a Jamus a 1898, ta kawar da mafi yawan wannan haɗari: mace tana numfashi da kanta, tana jin kukan ɗanta na farko, jinin da take zubarwa ya fi ƙaranci, maganin da ke kai wa ga jariri kuma ƙalilan ne. Wani babban nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2016 a kan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya nuna cewa mutuwa a ƙarƙashin allurar barci ta ninka ta allurar baya wajen sau uku. Ga mace lafiyayya, wadda ba ta da wata cuta sai dai ƙugu ya yi wa ɗa kaɗan ko ɗa ya zo a gicciye, ni da marubucin bakinmu ɗaya.

Inda muka rabu shi ne inda ya ɗauki hukuncin galibi ya ɗora shi a kan kowa. Malaman fiƙihu sun koya mana cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, in illa ta kau hukunci ya bi ta. Kuma almajirin da ya hardace hukunci bai san illarsa ba, shi ne wanda ke halaka mutane ranar da aka kawo masa mas'alar da ta saɓa wa wadda ya saba. To, mene ne ya sa lafiyayyar mace take jure wa allurar baya? Maganin da ake zubawa, wanda bai wuce mililita 2 zuwa 2.5 ba, ana sa shi ne cikin ruwan da ke kewaye da laka, ya hau har daidai kan nono, kuma ba jijiyoyin jin zafi kaɗai yake kashewa ba, har da jijiyoyin da ke riƙe da hanyoyin jini a ɗaure. Da zarar sun saki, sai jini ya kwanta a ƙafafu da ciki, abin da ke komawa zuciya ya ragu, ƙarfin jini ya faɗi cikin 'yan mintoci. Ga mahaifa kuma da nauyinta tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini in an kwantar da mace rigingine, shi ya sa ake ɗan karkata ta wajen hagu. Lafiyayyar zuciya takan ƙara sauri da ƙarfi ta cike gurbin, a taimaka mata da ƙarin ruwa da allurar efedirin ko fenilefirin, sai al'amari ya daidaita. Amincin allurar baya ke nan gaba ɗaya: zuciya mai iya ramawa, jini wadatacce mai iya daskarewa, da mutum a tsaye a kan mace yana duba ta. Marubucin bai ambaci ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba.

Bari mu ɗauki mas'alar da ta fi kowace tsanani, wadda kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Yarinya takan yi ciwon maƙogwaro tana ƙarama, ba a ba ta fenisilin ba, ciwon ya wuce, iyaye su manta. Amma garkuwar jikinta ta juya ta riƙa cin ƙofofin zuciyarta sannu a hankali, har ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu, wadda faɗinta a lafiya ya kai murabba'in santimita 4 zuwa 6, ta ƙanƙance ta koma ƙasa da 1.5. Tana iya yin aure ba wanda ya san da haka, domin ba ta jin kome sai ɗan haki in ta yi daka. Sai ciki ya zo, jinin jikinta ya ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, a nan ne cutar ke bayyana, ta kasa kwanciya sai a jingine, tana tari da dare. Misalin wannan zuciya kamar ƙaramar ƙofar gari ce ranar kasuwa: in jama'a suka bi a hankali kowa zai wuce, in aka kora su da gaggawa sai su cunkushe a baya, ciki kuwa ya zama wayam. Abin da irin wannan zuciya ba ta so shi ne sauri, kuma abin da allurar baya ta lokaci ɗaya ke jawowa ke nan, domin ƙarfin jini yana faɗuwa farat ɗaya, zuciya ta zabura, lokacin da jini ke samu ya ratsa ƙofar ya gajarce, huhu ya cika da ruwa. In kuma ma'aikaci ya yi abin da aka koya masa, ya buɗe ledar ruwa ya ƙara efedirin mai ƙara saurin bugu, to ya ƙara wa wuta mai ne da hannunsa, alhali yana zaton ceto yake yi. Ƙwararru ba su haramta taɓa bayan irin wannan mace ba. Abin da suke yi shi ne su sa siririn bututu a wajen rigar laka, wanda ake kira efidural, su riƙa ɗiga magani kaɗan-kaɗan cikin kusan rabin sa'a suna auna jini a kowane bugu, ko kuwa, in cutar ta yi tsanani ƙwarai, su sa ta barci da magungunan da aka zaɓa musamman. Wannan aiki ne na ijtihadi, wanda ba a yin sa da taƙalidi.

Kada kuma a ce wannan cuta ce ta ɗaiɗaiku, domin akwai 'yar'uwarta wadda ƙasar Hausa ta yi suna da ita a littattafan likitanci na duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yawan matan da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa, har aka ƙiyasta mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari, suka kuma danganta abin da zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta da yawan kunun kanwa; binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwa ya nuna cewa cutar tana nan, ko da yake sababbanta sun fi abin da aka zata da fari yawa. Da yawa daga waɗannan mata zuciyarsu ba ta komawa daidai, kuma sukan sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu. Irin wannan mace in ta zo ɗakin tiyata, haɗarinta bai ƙare da fitowar jariri ba, bal ma a nan yake farawa, gama da zarar mahaifa ta tsuke sai ta turo jinin da ke cikinta, wajen rabin lita, ya koma wa zuciyar da da ma da ƙyar take ɗaukar nata. Allurar oksitosin da ake bayarwa don mahaifa ta tsuke, in aka tura ta gaba ɗaya, tana kayar da ƙarfin jini ta zaburar da zuciya, sai dai a ba da ita a hankali. Agometirin kuwa, da ungozomominmu suka saba da ita, ba a kusantar mai ciwon zuciya ko mai hawan jini da ita. Duk waɗannan hukunce-hukunce suna hannun wanda ke tsaye a wajen kan mace ne, ba likitan da hannuwansa ke cikin cikinta ba.

Game da hawan jini na ciki da jijjiga, wanda yana cikin manyan masu kashe mata a Arewa, nan ma marubucin yana da gaskiya har zuwa wani haddi, kuma ina so a ji ni da kyau. A da likitoci suna tsoron yi wa mai hawan jini allurar baya, daga baya aka tabbatar cewa jininta bai ma cika faɗuwa kamar na lafiyayya ba, alhali sa mata bututu a maƙogwaron da ya kumbura yana iya harba jininta sama har jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa. Don haka allurar baya ce zaɓi na farko gare ta. Amma wannan cuta, in ta yi nisa, takan taɓa hanta ta cinye ƙwayoyin da ke daskarar da jini. In adadinsu ya yi ƙasa da wajen 70,000, ko aka ga jini yana tsattsafowa daga dasashi da wurin allura, to soka allura a baya yana iya tara gudan jini ya danne laka, mace ta tashi daga haihuwa ƙafafunta sun mutu. Haka nan wadda aka kawo tana ta jijjiga ba ta farfaɗo ba, ba ta iya kare maƙogwaronta, ba ta iya zama a yi mata allura. Ita kuma magnesiyam salfet, wadda gwajin Magpie na 2002 a kan mata fiye da 10,000 ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi, tana ƙara wa magungunan sake jiki ƙarfi da daɗewa, wanda bai san haka ba kuwa zai cire bututu alhali mace ba ta iya numfashi da kanta ba tukuna. Awon jini ɗaya da kallo ɗaya na mai ilimi su ke raba wadda allurar baya za ta cece ta da wadda za ta nakasa.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Matar da mabiyiya ta rabu da mahaifa ko ta tare hanya, aka kawo ta ta zubar da jini har tafin hannunta ya yi fari, jijiyoyinta a ɗaure su ne kaɗai ke riƙe da ranta, kuma allurar baya su take saki; ita ketamin ta fi dacewa da ita, da jini a shirye, da maganin tiranekzamik wanda gwajin da aka buga a 2017, wanda asibitocin Nijeriya suka ba da kaso mai yawa na matan da ke cikinsa, ya nuna yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan sulusi in an ba da shi cikin sa'a uku. Wadda ake yi wa allurar hefarin don hana jini daskarewa sai an jira sa'a 12, ko 24 in mai yawa ce, kafin a yi mata allurar baya. Mai amosanin jini, a ƙasar da ake haifar yara wajen 150,000 da shi kowace shekara, allurar baya tana yi mata kyau, amma da sharaɗin kada ta ji sanyi, kada ruwa ya ƙare mata, kada iskar oksijin ta yanke, kuma a san adadin jininta kafin a fara.

Yanzu sai da'awarsa ta biyu, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali, cewa aikin mai sauƙi ne. Haƙiƙa soka allurar ba wuya, mai hankali zai iya koyonta cikin kwanaki. Wuyar tana cikin mintoci goma da ke biye. Wani lokaci maganin yakan zarce inda ake so ya hau har wuya, mace ta ce hannuwanta sun yi nauyi, muryarta ta dushe, bugun zuciyarta ya ragu, numfashi ya tsaya. Wani lokaci kuma allurar ba ta kamawa sosai, a tsakiyar aiki mace ta fara jin wuƙa. A halin farko da na biyu duka mafita ɗaya ce, a sa ta barci a sa mata bututu a hura mata iska nan take, wato ainihin aikin da marubucin ya ce a daina koyarwa. Afirka ta Kudu ta riga ta bi wannan hanya ta ga ƙarshenta: rahotanninsu na binciken mutuwar mata masu haihuwa sun nuna cewa mafi yawan matan da maganin tiyata ya kashe sun mutu ne a ƙarƙashin allurar baya, galibi a ƙananan asibitocin gunduma, a hannun ƙananan likitoci da ba su da gogewa, sau da yawa kuma ba wanda aka keɓe ya zuba wa mace ido, har ba a farga ba sai da zuciya ta tsaya. Shi kansa nazarin 2016 da ya ba allurar baya fifiko ya nuna cewa maganin tiyata ne sababin kusan kashi 14 cikin 100 na mutuwar da ke biyo bayan aikin ciro jariri a ƙasashe irin namu. Kuma adalci ya sa a faɗa cewa matan da aka fi sa wa barci su ne da ma suka zo a mafi munin hali, saboda haka ba duk laifin ne na barcin ba. Wani nazari na 2019 a asibitoci 183 na ƙasashen Afirka 22 ya tarar mata fiye da 5 cikin kowace 1,000 suna mutuwa bayan wannan aiki, ninki hamsin na ƙasashe masu arziki. Alhali kuwa allurar da ake yi a Landan ita ake yi a nan, maganin ma ɗaya ne.

Na san amsar da zai bayar, kuma amsa ce mai nauyi. Zai ce likitocin maganin barci a Nijeriya ba su kai ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba, alhali ƙungiyarsu ta duniya tana neman aƙalla biyar; zai ce macen da mahaifarta ke gab da fashewa da tsakar dare a asibitin ƙaramar hukuma ba ta da sa'o'in da za ta kashe a kan hanya, larura kuwa tana halatta abin da aka hana. Na yarda, kuma ba zan taɓa zargin ma'aikacin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa a irin wannan dare ba. Amma malaman da suka ba da rangwamen larura su ne suka ce ana auna ta gwargwadonta, ba a mayar da ita asali. Mafi yawan matan da na lissafa cutarsu ba da tsakar dare take farawa ba: mai ƙuntatacciyar ƙofar zuciya ta yi watanni tana haki, mai amosanin jini an san ta tun tana goye, wadda zuciyarta ta kumbura a jegon bara danginta duk sun gani. Tun a binciken da Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya a kan haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979 aka ga cewa matan da ba su zo awo ba su ne ke mutuwa ninki-ba-ninki a kan waɗanda suka zo. Ashe wurin gyara shi ne ɗakin awo, inda ungozoma za ta tambayi mace ko tana iya kwanciya ba matashi, ta auna jininta da fitsarinta, ta sa a saurari ƙirjinta, in ta ga alama ta tura ta babban asibiti tun ciki yana wata shida ko bakwai, a duba zuciyarta da na'ura, a rubuta yadda za a yi mata tun kafin naƙuda, a kuma zaunar da maigidanta da uwarta a gaya musu dalili, don su tanadi kuɗin mota da masu ba da jini, kada a zo ana neman sa hannu a kan takarda mace tana kwance tana shure-shure. Ma'aikatan jinya masu ba da maganin barci, waɗanda su ne ke ɗauke da wannan aiki a yawancin asibitocinmu, abin da suke bukata shi ne cikakken horo a kan hanyoyin biyu duka, da na'urar auna iska a yatsa, da tukunyar oksijin mai iska a ciki, da babban likita da za su iya kira a waya. A rage musu horo zuwa 'yan makonni zalunci ne a kansu kafin ya zama zalunci a kan mata.

Akwai kuma abin da maƙalar ta tsallake ɗungum, wato abin da ke biyo bayan ɗinki. Mai ciwon zuciya ta fi shiga haɗari a kwana biyu zuwa uku na farko bayan haihuwa, lokacin da ruwan da jiki ya tara yake komawa cikin jini; mai hawan jini tana iya jijjiga bayan an sauke ta lafiya, shi ya sa ake ci gaba da ba ta magnesiyam har sa'a 24; mai amosanin jini kuwa ciwon ƙirji yakan taso mata ne a waɗannan kwanaki. Asibitin da nas ɗaya ke kwana da ɗaki guda cike da masu jego ba zai iya wannan tsaro ba, kome kyawun allurar da aka yi da rana. Ina roƙon Malam marubuci, don girman Allah da haƙƙin waɗannan mata, ya sake ɗaukar alƙalami ya gaya wa ma'aikatan da suka karanta shi waɗanne mata ne ba su shiga cikin hukuncinsa ba, ya kuma janye maganar cewa likita ɗaya yana iya yin allura ya yi fiɗa a lokaci guda.